Tamau da Jitar Ƙanensa

Shekara arba'in da biyu ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, kuma ba a taɓa jin tayar da ya ɗaura ta fice a hanya ba. Idan ya ɗaure noti ya kai ƙarshe, sai ya cije leɓe ya ƙara masa murɗi ɗaya, na kwanciyar rai. Abokan aikinsa a gareji sukan ce duk wanda zai kwance abin da ya ɗaure, to ya fara cin abinci ya ƙoshi. Su suka sa masa suna Tamau, sunan ya bi shi har gida.

Yana da ƙane guda, wanda ake kira Auta har ya yi furfura. Auta makaɗin jita ne. Yana saurayi Tamau ya kai shi gareji ya koyi sana'a, sai ya riƙa samunsa a bayan tulin tsofaffin tayoyi yana yi wa katako cakulkuli. Ranar da haƙurinsa ya ƙare ya fizge jitar, ya cusa ta cikin duron baƙin mai. Auta ya wanke hannu ya fita, bai ƙara taka garejin ba. Shekara talatin da ɗoriya gaisuwa kawai ke haɗa su, "Yaya, ina kwana," "Lafiya lau," kamar maƙwabtan da katanga ta raba.

Tamau na da sittin da uku baya ya hana shi sunkuyo, ya ajiye sifana. A shekarar ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Auta. Hannun hagu, mai danna tsirkiya, ya kwanta a cinyarsa kamar safar hannun da wani ya manta. Tamau ya je dubiya, ya zauna a kujerar roba, yana kallon jitar da ke rataye a bango.

"Sauko da ita," in ji Auta, harshensa na jan ƙafa.

"In kai ta ina?"

"Riƙe ta za ka yi. Ba ta cizo."

Ashe akwai wani kiɗa da Auta ya ƙirƙira shekarar da mahaifiyarsu ta rasu. Bai taɓa kaɗa shi gaban jama'a ba, bai ɗauka a kaset ba, bai koya wa kowa ba. Yanzu kiɗan na cikin kansa yana fuka-fuki, kamar tsuntsu a ɗakin da ba taga.

"Kai za ka karɓa, Yaya. Kai kaɗai ka rage da ka san muryar mahaifiyarmu."

Haka tsohon bakanike ya zama ɗalibin ƙanensa. Wata takwas yana zuwa kullum da hantsi. Yatsunsa kauri gare su kamar fulogi, idan ya nufi tsirkiya ɗaya sai ya danne biyu. Auta kuwa, da ya shekara talatin yana shiru, sai bakinsa ya buɗe.

"Yaya, jita ce fa, ba injin tifa ba. Shaƙe ta kake yi."

"To ita ma ta cika raki."

"Ba ita ke kuka ba, maƙwabta ne."

Abu ɗaya ne Auta bai taɓa bari ya taɓa ba: kunnuwa shida da ke kan jitar, waɗanda ake murɗawa a saita tsirkiyoyi. Shi yake saita su da hannun damansa, jitar na kwance a gado. "Na san hannunka," yakan ce. "Wajen nan ba naka ba ne."

Ana cikin haka likita ya gano jijiyar wuyan Auta ta kusa toshewa. In ba a buɗe ta ba, bugu na biyu na nan tafe, kuma wannan ba ya barin mutum a gado ma. Ɗiyar Auta, wadda nas ce, ta yi ta fafutuka har ta samo masa gado a wani babban asibiti, tafiyar awa shida. Aka ce su iso kafin ƙarfe huɗu na ranar Talata, in sun wuce a ba wani. Ta ɗauko mota, za a tashi ƙarfe tara.

Ran Litinin Auta ya kalli ɗiyarsa ya ce ba zai shiga mota ba sai ya ji kiɗan nan a hannun yayansa, daga farko har ƙarshe, ba tsayawa.

"Baba, don Allah! Ranka muke magana."

"Ni ma shi nake magana."

Ba wanda ya ɗauka wasa yake. Mutumin da ya wanke hannu ya bar gareji shekara talatin, ba a yi masa ciniki. Tamau kuwa bai taɓa kai kiɗan ƙarshe a jere ba. Ya rungumi jitar ya tafi gida da ita don ya ƙara bita.

Da sassafen Talata ya kwantar da ita a kan tebur, ya tsaya yana kallonta yadda yake kallon motar da za ta yi doguwar tafiya. Ya goge ta da ƙyalle. Ya danna tsirkiyoyin da babban yatsa, ya ji suna lotsawa. Zuciyarsa ta ce: sako-sako, a rana irin ta yau? Kafin ya yi tunani hannunsa ya riga shi. Ya bi kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, kowanne murɗi ɗaya, na kwanciyar rai. A na shida, na tsirkiyar da ta fi siriri, ya ji tas! Ta tsinke, ta zabge shi a bayan hannu, jini ya fito siriri kamar zare.

Bakwai da rabi. Shagon da ke sayar da tsirkiya yana can ƙetaren gari, ba ya buɗewa sai goma. Rabin kiɗan kuma a kan wannan siririyar yake tafiya. Tamau ya tsaya a tsakar gida, har idonsa ya faɗa kan tsohon kekensa da ke jingine. Ya zare wayar birki, ya warware ta da filaya. Duk silin sun yi tsatsa, sai guda ɗaya mai haske. Ya naɗe shi a aljihu.

Ya tarar da mota a ƙofar gida, direba na ɗaure jakunkuna. Nas ta tare shi a baranda.

"Baffa, takwas da rabi. Me ya sami hannunka?"

Ya wuce ta. Auta na zaune bakin gado, an sa masa riga, ƙafafunsa ba takalmi. Kallo ɗaya ya yi wa jitar.

"Ka taɓa kunnuwan."

"Na ji sun yi sako-sako ne."

"Wannan karon babu duron mai a kusa ke nan?"

Tamau ya buɗe baki zai yi irin tsawar da ya saba, sai ya haɗiye ta. Ya ciro silin wayar ya nuna.

"Ni na ɓata, Auta. Wancan ma ni na ɓata. Gaya mini yadda zan gyara."

Auta ya ɗaga hannun damansa, wanda tun makon jiya shi ma ya fara karkarwa har ba ya riƙe kofi.

"Ba zan iya murɗawa ba. Kai za ka murɗa. In na ɗaga yatsa, ka tsaya. Fara da sassauta biyar ɗin nan."

Ya sassauta. Duk murɗin da ya yi baya sai ya ji kamar yana kwance tayar motar da ke cike da mutane. Auta ya rufe ido yana saurare, yatsa ya tashi, ya tashi, sau biyar. Tara saura kwata.

Saura silin. Tamau ya zura shi, ya ƙulla, ya fara ɗaurewa. Ƙarar ta taso daga ƙasa, tana hawa, tana siririncewa, wayar na ƙara kamar tana roƙo. Babu wata a aljihu. Nas ta tsaya a ƙofa, ta toshe baki da hannu. Sai yatsan Auta ya tashi.

Tamau ya riga ya cije leɓe. Shekara arba'in da biyu na zaune a wuyan hannunsa suna cewa saura ɗaya. Gumi ya gangaro masa cikin ido. A hankali ya buɗe yatsunsa, ya saki kunnen.

"Kaɗa," in ji Auta.

Ya kaɗa. Kiɗan ya fara a ƙasa, a natse, kamar takun mace mai ɗauke da ruwa da ba ta son ya zube. Sannan ya hau kan wayar birkin, muryar ta fito da ɗan kaushi, da ɗan dishewa, irin ta tsohuwar da ke kiran 'ya'yanta su shigo gida. A waje direba ya danna hon. A daidai gurbin da Tamau ya saba faɗuwa yatsansa ya zame, sautin ya mutu. Bai tsaya ba. Ya ja shi da ɗingishi ya ƙetare, ya zame a wasu wurare biyu, ya ƙetare, jini na ɗiga a kan katako, har ya sauke shi a kan sautin ƙarshe ya bar shi ya ƙare da kansa.

Auta bai buɗe ido ba. Ɓarin fuskarsa mai rai ya jiƙe.

"Kuskure uku," ya ce.

Tamau ya sunkuyar da kai. Nas ta kalli agogo, ta kalli ubanta.

"Kada ka gyara su kai kaɗai, ƙara ɓatawa za ka yi. Ka jira ni in dawo." Ya juya wajen ɗiyarsa. "Ke, ina takalmina?"

Suna tallafarsa zuwa mota, Tamau ya ce wa direba ya ba shi sifanar taya. Ya durƙusa, bayansa na ƙara, ya bi notin tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya cije leɓe ya ƙara masa murɗi. Auta na kallonsa ta taga, hannunsa kwance a kan cinya. Bai ɗaga yatsa ba.