Ɗan Koyo Mai Furfura

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran famfo a garin nan, amma da wuya ka sami wanda ya san sunansa na yanka. Kunne ake ce masa. In bututu ya fashe a cikin bango, ba ya farfasa siminti barkatai. Sai ya kafa sukundireba a bangon, ya ɗora kunne a mariƙinsa, ya ce kowa ya yi shiru. Can sai ya yi alama da alli, ya ce nan ne. Kuma wallahi nan ɗin ne.

Ana nan sai hukumar gari ta fito da doka: daga ƙarshen wata, wanda ba shi da lasisi kada ya taɓa bututun kowa, wanda aka kama a ƙwace masa kayan aiki. Kunne ya sa wankakkiyar riga ya tafi ofis. Jarrabawa ba ta dame shi ba. Shafi na biyu na fom ɗin neman lasisin ne ya tsaya masa a wuya, inda ake neman shaidar ya yi shekara uku a ƙarƙashin mai lasisi, da sa hannun mutumin.

"Wanda ya koya mini ya rasu tun kafin a gina ofishin nan," in ji shi. "Bututun da ke kawo muku ruwa ma ni na shimfiɗa shi."

Akawun ofishin ta ce, "Na yarda, Baba. Amma ba ni da ikon tsallake shafin nan."

Masu lasisi uku ne kacal a garin. Biyu ba sa ga maciji da shi, don ya sha gyara ɓarnarsu yana faɗi da baki. Na ukun kuwa Dogo ne, ƙanin matarsa, wanda Kunne ne ya koya wa aikin kafin ya tafi makarantar sana'a ya dawo da takarda. A lokacin har tsiya Kunne ya yi masa, wai a liƙa takardar a bakin yoyo a ga ko zai tsaya.

Kwana huɗu yana zaune a gida, ga iyali, ga ba aiki, sai da matarsa ta tasa shi a gaba zuwa shagon ƙaninta.

"Kawo, Yaya," in ji Dogo. "In rubuta ka yi shekara uku a wurina, shi ke nan. Wa zai bincika?"

Abin ya yi wa Kunne ciwo ƙwarai. Akwai girman kai a ciki, ba a musu, amma mutumin bai iya ƙarya ba.

"Garin nan kaf sun san ni na nuna maka yadda ake riƙe sifana. Ba zan sa hannu a kan abin da bai faru ba. Shekara uku suke so? Zan ba su na gaske. Rubuta ni ɗan koyo, daga yau."

"Innalillahi!" in ji matar. "Malam, da furfurarka? Shekararka hamsin da takwas fa!"

Doka ta yarda ɗan koyo ya yi aiki muddin mai lasisi na tsaye, Kunne kuwa aikin yake so.

Washegari da safe Dogo ya iso shago ya tarar an share ƙofa tas, an jera gam da zarto da mahaɗan bututu, Kunne na tsaye da tsintsiya a hannu.

"Yaya, don girman Allah ajiye tsintsiyar nan."

"Ɗan koyo ke shara. Sauri, ana jiranmu."

Dogo ya kai hannu zai ɗauki jakar kayan aiki, Kunne ya riga shi, ya saɓa ta a kafaɗa, ya ja da baya ya ba shi hanya. Haka suka ratsa titin kasuwa, mutane na gaida Kunne yana amsawa da fara'a. Dogo na gaba hannu rabbana, kansa a ƙasa, kunya kamar ta kashe shi.