Mai Agogo da Tukunyar Sashe na Huɗu

Ranar da na fara ganin Mai Agogo, saura ƙiris in kwaɗe shi da ludayi. Ina tsakiyar kwashe abinci a kicin ɗin gidan yari, inda na yi shekara goma sha tara ina dafa wa ɗaurarru, sai ga wani siririn dattijo da koɗaɗɗiyar kwat a bakin ƙofa, yana leƙa tukwanena kamar ya ba ni ajiya.

Na ce, "Malam, in sadaka ka zo nema ka yi ɓatan kai. Nan shiga ce mai sauƙi."

Gandiroban da ya rako shi ya raɗa mini cewa ɗan kwamitin sa ido ne. 'Yan kwamitin nan mutanen gari ne, ba ma'aikatan gidan ba, Oga shugaban gidan ba shi da iko a kansu. An ba su damar shiga duk ranar da suka ga dama, su duba yadda ake riƙe da ɗaurarru. Na san irinsu. Su zauna a ofis ƙarƙashin fanka, in zuba musu daga saman tukunya inda mai ya taru, su lashe cokali su ce madalla. Haka na zuba wa wannan ma, na miƙa masa.

Ya ce, "Yaya, ajiye shi. Abin da na ƙarshen layi zai ci nake so."

Na ce, "Yaya kuma? Ni na goya ka? Mutum ya shigo mini kicin da ƙurar takalminsa, a ba shi abinci ya ce ba wannan ba. A gidanku haka ake yi?"

"A gidanmu ni ne na ƙarshen layi, shi ya sa na san hanya."

Ya fita tsakar gida ya tsaya a rana, yana duba agogon hannunsa yana rubutu a wani ɗan littafi. Na bi bayansa da harara.

Gyaran agogo ce sana'arsa tun yana saurayi. Yana da wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene kusa da tasha, da gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi. Da wayar hannu ta zo ta kashe masa kasuwa, sai ya zama ba abin da yake da shi da yawa sai lokaci. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana ɗinki a gida. Da aka nemi wanda zai shiga kwamitin daga unguwarsu, manya suka noƙe don ba albashi, shi ya ɗaga hannu.

Ga abin da ke faruwa a gidan. Sashe huɗu ne, kowane da ƙofarsa. Ni sha biyu na rana nake sauke shinkafa da wake, a jera tukwane huɗu a tsakar gida. A da gandirobobi huɗu ke buɗe ƙofofin lokaci guda. Aka ɗauke uku aka kai wani wuri, ba a maido ko ɗaya ba, aka bar wani dogo da muke kira Sanda shi kaɗai da tarin makullai. Ya buɗe sashe ɗaya, ya ƙirga mutane, su ci, ya sake ƙirgawa, ya kulle, sannan ya wuce gaba. Kafin ya kai sashe na huɗu uku ta gota. Wake kuwa ba ya jiran kowa a rana, tsami yake yi. Sau biyu na gaya wa Oga, ya ce, "Baba, aikinki tukunya."

Amma duk ranar da Mai Agogo ya zo, tun daga ƙofar waje ake buga wa Oga waya. Nan take a fito da ma'aikatan ofis, a raba musu makullai, a buɗe sashe huɗun tare. Kafin ƙarfe ɗaya kowa ya ci da zafinsa. Sau uku ya zo, sau uku ya ci na ƙarshen layi yana tururi.

A zuwa na uku ya tsaya a ƙofar kicin, bai shigo ba don ya san halina. Ya ce, "Yaya, abincinki ba laifi. Sai dai mutumin da ke buɗe ƙofa kullum ba ya gwada makulli uku kafin ya dace. Wancan mai tumbin na ga har gumi yake."

Na ce, "To ka tambayi mai tumbin. Ni aikina tukunya."

Bai matsa mini ba. Ya ce in na tashi magana na san matakalar da shagonsa yake.

Ba a yi sati biyu ba aka kwashi mutum goma sha ɗaya daga sashe na huɗu zuwa ɗakin shan magani, gudawa ta zuƙe su. Oga ya kira ni ofis. Ya ce daga sama an tambayi dalili, kuma dalilin shi ne ƙazantar kicin. Ƙarshen wata in ajiye ludayi.

Korar ba ta ƙona ni kamar kalmar ba. Ni da nake wanke tukunya har in ga fuskata a gindinta, a rubuta a takarda cewa ƙazantata ta kwantar da 'ya'yan mutane? Jikokina su ji wannan a bakin maƙwabta?

Da na tashi aiki na nufi tasha. Na same shi ya sunkuya kan wani agogon bango, ya zazzage cikinsa a faranti.

Na ce, "Kai da agogo a hannu, agogo a bango, amma ba ka san lokacin zuwa ba."

Ya cire gilashin daga ido. "Koya mini, Yaya."

"Kullum sha biyu saura kake zuwa, kamar wanda aka gayyata. Ka zo biyu da rabi. Lokacin ko sun buga waya, rana ta riga ta yi aikinta. Kuma kada ka zo kai kaɗai, bakinka ɗaya ne, na Oga yana da hatimi."

Ya ce, "Za su gane ke ce."

"Wanda aka riga aka kora, me ya rage a yi masa?"

Ya nuna mini agogon da ke gabansa, ya ce in agogo ya yi latti jahili ne ke lanƙwasa hannunsa, mai sani baya yake buɗewa. Na ce ya riƙe wa'azinsa, ya dai zo a kan lokaci.

Ranar Laraba biyu da rabi suka shigo, shi da shugabar kwamitin, wata tsohuwar nas wadda ba ta dariya. Suka tarar da Sanda shi kaɗai yana ƙirga mutanen sashe na uku, rigarsa sharkaf. Tukunya ta huɗu na zaune a rana, ƙudaje na zagaya murfin. Oga ya fito da sauri yana ɓalla maɓalli.

Mai Agogo ya ɗaga murfin, ya ɗebo cokali guda ya miƙa masa da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, bismillah."

Oga ya ce likita ya hana shi wake.

Daga ƙofar kicin na ce, "Jiya kuwa faranti biyu na aika ofis, babu wanda ya dawo da ko ƙwaya."

Nas ɗin ta sunsuna cokalin ta kawar da kai. Shi kuwa Mai Agogo ya tsaya har aka buɗe sashe na huɗu, ya bi bayan na ƙarshe, ya karɓi rabonsa ya cinye tas a gaban kowa. Uku da minti ashirin, ya rubuta. Kwana biyu ya yi a kwance, 'yarsa ta zo har gida ta yi mini tsiya.

An karanta mini rahotonsa daga baya. Ya rubuta lokacin da nake sauke tukunya da lokacin da kowane sashe ke ci. Ya rubuta cewa kicin fes yake. Abin da ya ba ni haushi, ya kuma rubuta cewa sau uku Oga ya aika takarda sama yana roƙon ƙarin ma'aikata, ba a amsa masa ba.

Da muka haɗu na ce masa, "Mutumin da ya so ya shafa mini kashin kaji kake wankewa?"

Ya ce, "Ban wanke shi ba, abin da ya yi miki yana shafi na biyu. Amma in na ɓoye wasiƙunsa, a cire shi a kawo wani, Sanda na nan shi kaɗai da makullansa."



Bayan wata biyu aka turo gandirobobi biyu, ba uku ba. Aka yi wa tukwane rumfa, aka ce kowace rana a sauya sashen da za a fara buɗewa. Maganar korata ta bi ruwa. Na ƙara shekara huɗu, na ajiye ludayi da hannuna ranar da gwiwata ta ce ta gaji. Shi kuwa bai sake zuwa lokaci ɗaya sau biyu ba. Wata rana da hantsi, wata rana ana shirin kulle ƙofofi, har masu gadin ƙofar waje suka daina wahalar buga waya.

Shekara tara ya yi a kwamitin, sai idonsa ya fara hazo har ba ya ganin hannun agogo. Bara da na ji jiki ya kwantar da shi, na dafa shinkafa da wake na naɗe kwanon da tawul na hau mota. Na same shi a jingine da filo, ya rame, agogon na yawo a tsintsiyar hannunsa. Ya ji ƙamshi ya ce, "Yaya, ƙarfe nawa kika sauke?"

Na sa masa cokali a hannu na ce, "Ba ruwanka da ƙarfe nawa. Ci da zafinsa, yau kai ne farkon layi."