Ƙofar Shagon Yaya

A layin masu walda kowa Tartsatsi yake kiransa, don ba shi da riga ko ɗaya da wuta ba ta yi wa ƙananan huji ba. Matarsa ta yi faci har ta gaji ta zuba masa ido. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya ɗan toshe saboda ƙarar giranda, injin nan na yanka ƙarfe, shi ya sa ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka faɗa ne. Amma hannu kam Allah ya ba shi. In ya ja layin walda ya kankare ɓawon da guduma, sai ka ga ɗinkin ya kwanta sumul. Rabin ƙofofin unguwar aikinsa ne.

Ƙofa ɗaya ce bai taɓa yi ba, ta yayarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi koyon sana'ar, amma har ya fara furfura ba ta taɓa ba shi ko gyaran ƙafar kujera ba. Wani can take kira. A wurinta har yanzu shi ne Autan da ya taɓa ƙona mata labule. Abin yana cin ransa ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa, ita ma ta haddace.

To, ranar da ɓarayi suka ɓalle ƙofar shagonta na yadi, kuma mai waldar nata ya yi tafiya, sai ga Yaya da kanta a bakin rumfarsa.

"Auta, za ka iya ƙofa?"

Mutumin da ya yi ƙofar makarantar unguwa ake tambaya haka. Ya haɗiye, ya ce zai gwada.

Ya zaɓi ƙarfe mafi kauri, ya auna ya sake aunawa. Ranar kafawa ya zo da safar hannu sabuwa da gilashin fuska da ya goge tas. Ya sa aka tura bandir-bandir na yadi can ƙuryar shago aka lulluɓe. Yaya dai ba ta yarda ba. Ta ɗebo ruwa a bokiti ta ja kujera ta zauna a ciki, wai tana gadin tartsatsi. Ya ce ta kau da kai daga hasken, kada idonta ya kwana yana zubar da ruwa, ruwan nan kuma ta nisanta shi da wayar wuta.

"Ni za ka koya wa zama a shagona?"

Masu walda suna da wata dabara. Kafin a kama hinji, wato maƙalin da ƙofa take juyawa a kai, sai a rufe ƙofar a cikin firam ɗinta, a ɗiga walda nan da can ta riƙe ta, don kada zafi ya ja ƙarfen ya karkace. In an gama sai a yanke ɗigon da giranda, ƙofa ta buɗe. Ɗan ɗigo ake yi, wanda ko guduma za ta iya ɓallewa. Amma Tartsatsi, da yake daga cikin shagon yake aikin, yana jin idon Yaya a ƙeyarsa, sai hannunsa ya ƙi tsayawa. Kowane ɗigo ya ja shi ya yi tsawon yatsa. Ya kama hinji, ya ɗaga gilashi, ya ɗauki giranda. Bai ko taɓa ƙarfen ba aka ɗauke wuta.

Shagon ya yi duhu, sai ɗan haske daga tagar raga can kusa da rufi. Akwatin kayan aikinsa kuwa yana waje.

"Buɗe mana mu sha iska," in ji Yaya.

"Yaya, ai… sai an kawo wuta."

Ta gyara zama a kujerarta kawai. Shi da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ya tsuguna a gindin ƙofar yana jin kansa ɗan shekara bakwai, ga warin hayaki, ga gumi. Damar da ya jira rabin rayuwarsa ke nan, ya kulle matar a shagonta.

Tela na kusa ne ya fara jin bugunsu, kafin ka ce me layin ya cika. Kowa da shawararsa. Aka kira wani ƙaton makanike ya zo da babbar guduma. Ya yi ta dukan ƙofar har kunnen Tartsatsi mai lafiyar ma ya fara ƙara, ƙofa ko gezau. Aka kawo ƙarfen ɓanɓare taya, aka rasa inda za a zura shi, don ko takarda ba za ta shiga tsakanin ƙofar da firam ba. Mutum uku suka haɗa kafaɗa suka banka, ɗaya ya koma gefe yana riƙe da wuya.

Makaniken ya jefar da guduma yana haki.

"Wai wane mugun ne ya yi wannan ƙofa? Ko banki ba su da irinta."

Tartsatsi ya sunkuyar da kai yana jiran ta tona shi. Ya ji kujera ta motsa. Yaya ta taso, ta shafa ƙarfen daga sama har ƙasa kamar mai taya yadi, sannan ta kai bakinta daidai ramin makulli.

"Ka iya bakinka. Ƙanena ne ya yi ta, uwa ɗaya uba ɗaya. In kun gaji ku je ku huta, mu nan ba ma sauri."

Ta koma ta zauna. Tartsatsi ya jawo gilashin waldar ya rufe fuskarsa, alhali babu wutar da zai kare.