Abin da Luka ya faɗa wa Fada

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar Luka mai gyaran rediyo, kuma har yau ban gama zarginsa ba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zaci yabo zalla na zo yi. Mutumin kirki ne, na shaida, amma ni mutum ne mai wuyar sakin abu idan ya shiga raina.

Ni mai goro ne a Agege, cikin Legas. Rumfar Luka tana jikin tawa, shi ɗan kudancin Kaduna, ɗan Katolika, ni Bakano. Shekara tara muna cin abinci kwano ɗaya. Da azumi ko ruwa ba ya sha a gabana, sai ya zagaya bayan rumfa, ni kuma in bi shi da tsiya in ce ai na ji ƙarar maƙogwaronsa.

Ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba rikici ya tashi tsakanin mutanenmu da wasu matasan Yarbawa. Ƙanina Idi, mai okada, ya shiga ciki dumu-dumu, har aka ce da hannunsa a ƙona shagon wani bawan Allah. Kwana uku na ɓoye shi a ɗakin ajiyar goro, bayan huhuna, kafin na samu motar shanu da za ta koma Arewa na cusa shi. Mutum ɗaya ya san wannan, wato Luka. Shi ya riƙa kai masa abinci, kuma da wasu suka zo cigiya shi ya dubi idonsu ya ce Idi ya bar Legas tun makon jiya.

Ranar Asabar da la'asar na leƙa gidansa, na tarar da matarsa Saratu tana wanki. Ta ce, "Malam Garba, ya tafi wurin Fada yin ikirari." Da farko na ɗauka fadar sarkin Hausawa take nufi. Da ta ce a'a, limaminsu na coci, sai na tambaya ikirarin me. Ta ce, "Duk abin da mutum ya yi, sai ya je ya faɗa, kada ya ɓoye komai." Ni a rediyo na san kalmar nan, kuma duk wanda aka ce ya yi ikirari, to yana hannun hukuma ne, ya tona kansa ya tona abokansa. Ga shi kuma na san Fadan nasu Bayarabe ne.

Ranar Laraba 'yan sanda suka zo. Ba su tambayi kowa hanya ba, kai tsaye suka nufi ɗakin goron suka ɗaga huhunan nan. Kwana huɗu na yi a hannunsu kafin dattawan unguwa suka karɓo ni.

Da na fito, Luka ya zaunar da ni ya yi mini bayani, da Hausarsa mai ɗan karkata. Ya ce mutum yakan zauna tukuna ya binciki zuciyarsa. Sannan ya shiga wani ɗan ɗaki ya durƙusa, akwai raga tsakaninsa da Fada, ya faɗi laifinsa da baƙin cikin aikata shi da niyyar dainawa. Fada ya ba shi addu'o'i ko wani aiki na kaffara, ya sanar da shi gafarar Allah. Ya ce abin da aka faɗa a ɗakin nan, ko wuƙa aka sa wa Fada a wuya ba zai maimaita ba. "Kuma Malam Garba, zunubina nake kaiwa, ba na ƙaninka ba."

Na ce, "To ƙaryar da ka yi wa masu cigiya fa, zunubinka ce ko tawa?"

Ya ce, "Ba a kiran sunan kowa." Na ce ya rantse bai ambaci maganar ba. Ya ce ba zai rantse a kan abin da ke tsakaninsa da Allah ba. Wannan ƙin rantsuwar ne ya gama da ni, domin a ganina mai gaskiya ba ya jinkirin rantsuwa.

Washegari bayan sallar la'asar, a majalisar ƙofar masallaci, na ce a yi hattara da Luka, duk Asabar rahoto yake kaiwa. Sau ɗaya na faɗa, ban ƙara ba, amma kowa ya san yadda unguwa take a kwanakin nan. Mutane suka zo suka kwashe rediyoyinsu, har waɗanda ba a gama gyarawa ba. Mai shayi ya daina amsa gaisuwarsa. Bayan wata biyu Luka ya ɗaure kayansa ya koma unguwar Ajegunle. Da zai tafi ya tsaya bakin rumfata ya ce, "Sai wata rana, Malam Garba." Na ci gaba da yayyafa wa goro ruwa, ban ɗago ba. Shekara ba ta zagayo ba ciwon hanta ya kashe shi, ban ma ji ba sai da aka kai gawarsa gida.

Bayan rasuwar na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na je cocin da kaina. Fadan dattijo ne, muka yi magana da Turancin kasuwa. Na ce mutumin ya mutu, babu wanda za a cutar, ya gaya mini kawai ko Luka ya kawo masa maganar ƙanina. Ya ce ba zai iya ce mini ko Luka ya taɓa durƙusawa a gabansa ba ma. Na ce to in bai faɗa ba, ai sai ya wanke shi. Ya ce, "In na wanke wanda bai faɗa ba, ranar da na yi shiru an san wanda ya faɗa." Na fito ina jin haushinsa, ina kuma jin cewa mutumin da ya ƙi buɗe baki don wanke mamaci, da wuya ya buɗe don 'yan sanda.

Amma zargi ba ya mutuwa da sauƙi. Wani lokaci nakan ce direban motar shanun ne, ko mai ɗakin da ke kallon nawa, wanda tagarsa ba ta rufuwa. Wani lokacin kuma sai in tuna Asabar da Laraba, kwana huɗu kacal, in ce anya kuwa.

Nakan yi tunanin abin da Luka zai ce da ya ga zamanin nan, da mutum zai yi wa amininsa magana a waya, kafin magariba muryarsa ta zagaye Agege ta isa Kano. Jikokina ba su san akwai maganar da ake binnewa ba. Ina jin dariya zai yi, ya ce mu da muka tsorata da ɗaki ɗaya mai raga, yanzu kowa da ɗan rahotonsa a aljihu.

Abin da ya rage mini na Luka shi ne wannan: ban taɓa jin ya faɗi maganar Idi a bakin kowa ba, ko bayan na kore masa kasuwa, alhali kalma ɗaya ta isa ta mayar da ni hannun hukuma. Nawa laifin kuwa a bainar jama'a na yi shi. Na yi istigfari ba adadi, amma malamanmu sun gaya mana Allah yana yafe abin da ke tsakaninka da Shi, haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe. Idi yana can Kano da 'ya'ya bakwai, ya ma manta da zancen. Ni ne nake da laifin da zan faɗa, kuma mutum ɗaya tak da ya isa ya ce ya yafe mini, na ƙi ɗago kai in dube shi ranar da ya zo sallama.