Wasiƙun Shu'aibu a Bakin Malam Tanko

Malam Tanko ya yi shekara ashirin yana karanta wa mutane wasiƙa a gindin tsamiyar bakin kasuwar Madarunfa. Ba wani babban malami ba ne. Abin da ya tsira da shi daga karatunsa na Katsina shi ne ajami mai kyau da wani tsohon littafin Larabci na labaran masoya, wanda ya sha karatu har bangonsa ya rabu. Rabin masoyan cikin littafin maƙaryata ne, kuma hakan bai taɓa damunsa ba.

Da an gama kaka maza kan tafi cin rani Nijeriya, wasiƙunsu su riƙa zuwa a hannun direbobi. Cikin matan da ke kawo masa takarda akwai Barira mai ƙosai, matar Shu'aibu. Shi Shu'aibu mutum ne mai rowar magana. Wasiƙarsa ta farko, a 1964, layi uku ce: yana gaisuwa, a kula da jaki, kada a taɓa gyaɗar iri. Tanko ya karanta, ya ɗaga kai, ya ga Barira tana jiran saura. Tausayi ya kama shi. Sai ya mai da ido kan takarda, ya ce Shu'aibu ya ce ko ruwa ya ɗiba a Gusau, fuskarta yake gani a cikin ƙwarya.

Barira ta ce, "Shi ya ce hakanan, Malam?"

Ya ce, "Ga shi nan a rubuce."

Daga nan abin ya zame masa jiki. Kowace wasiƙa sai ya ɗebo mata wani abu daga littafinsa. Kunya ce ta rufa masa asiri. In damina ta kama Shu'aibu ya dawo ya yi gum, Barira takan ɗauka nauyin baki ne irin na maza, ita kuma ba ta iya duban mijinta ta tada zancen. Shi Tanko son ta yake yi, duk kasuwa ta sani, don kullum sai ya sayi ƙosanta alhali ƙwannafi yake sa shi.

A shekarar fari, 1973, Shu'aibu bai dawo ba. Takarda ce ta zo, ta saki, da sunayen shaidu biyu. Tanko ya san ana ƙara wa gaisuwa gishiri, amma ba a ɓoye saki. Ya karanta mata abin da ke rubuce, bai ƙara ko wasali ba.

Barira ta dube shi, ta ce, "Wanda ke ganin fuskata cikin ruwa ba shi rubuta wagga. Kai ka shirya ta, Malam. Kowa ya san abin da ke ranka."

Ta kwaso wasiƙun shekara tara daga adudunta, ta hau amalanke zuwa Safo, wurin wani liman. Dattijon ya bi su ɗaya bayan ɗaya yadda suke: jaki, gyaɗa, a gyara rumbu, jaki kuma. Sannan saki.

Ranar kasuwa ta zo ta ajiye ƙunshin wasiƙun a gaban Tanko. Ta ce, "Sakin gaskiya ne, na ji, kuma ban yi mashi kuka ba. Wanda ni ke yi ma kuka, wanda na shekara tara ina yi ma tuwo da murna ne. Ashe ba a taɓa yin shi ba."

Da ta gama idda ta auri wani manomi a Gabi. Tanko bai ƙara sa wa kowa kalma ɗaya a wasiƙa ba, har mata suka koma wurin wani, suna cewa karatunsa ya yi lami. Ƙunshin nan ya cusa shi cikin littafin, bai sake buɗe shi ba.