Inna Kumfa ta Bayan Kicin

Kafin motocin kayan gwari su gama sauke kaya a bakin babbar kasuwa, Inna Kumfa ta riga ta ratso layin masu kifi, ta tattare zanenta kada ya sha ruwan ƙanƙara, ta kutsa lungun da ake jibge shara, ta tura ƙofar ƙarfen nan ta bayan gidan abinci. Ƙofar gaba tana da gilashi da furanni da mai gadi mai hula. Tata ƙofar kuwa sai ka toshe hanci kafin ka kai gare ta.

A ciki tukwanen jiya suna jiranta, manya-manya, wasu sai ta zura rabin jikinta kafin hannunta ya taɓa gindinsu. Za ta ɗaura leda a ƙugu, ta buɗe famfo, ta ɗauki soson waya. Daga nan ba zama sai ƙafafunta sun kumbura sun cika silifas. Sunan ma a wurin ta samo shi, don ba wanda ya taɓa ganin hannunta babu kumfar sabulu.

Ni mai kayan miya ne. Rumfata tana kallon wannan lungu, kuma ni nake kai musu tumatur da albasa tun gashina yana baƙi. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani na ji daga bakin waɗanda abin ya faru a gabansu.

Duk baƙon da ya sauka garin nan ya tambayi inda zai ci abinci mai kyau, wannan gida ake nuna masa. Jaridu sun yabe shi har sun gaji. Masu ɗaukar bidiyo da waya suna zuwa, su zagaya kasuwarmu suna mamakin yadda kowace ƙabila ta duniya take da layinta da kayan ƙamshinta, sannan su shiga su zauna a sanyi su ɗauki hoton abinci kafin su ci. Sun yabi maigidan, sun yabi kujeru, sun yabi fitilu. Akwai ma wanda ya rubuta cewa farantin gidan kamar madubi yake. Bai tambayi hannun da ya mai da shi madubi ba.

Kicin ɗin nan taron yare ne. Mai yanka nama da nasa harshen, mai gasa burodi da nasa, masu kai abinci kowa da inda ya fito. Inna ba ta yi boko ba, amma a kowane yare ta iya cewa abu biyu: "akwai zafi" da "zo ka ci". Takan ce da waɗannan biyun babu wanda zai mutu a hannunta.

Wata mai kifi ta ba ni labarin wata baƙuwa da ta faɗo garin da tsohon ciki, ba ta jin kowa, ba mai jin ta. Ta yi ta yawo a kasuwa tana nuna hannuwanta, alamar tana neman aiki, ana korar ta kamar kaza. Da ta zube a lungun shara, Inna ta fito zubar da ruwa ta gan ta. Ba ta tambaye ta daga ina ba. Ta ja ta ciki, ta kifa mata bokiti ta zauna, ta tura mata kwanon abincinta na rana. Da maigida ya leƙo ya ce, "Wannan kuma fa?" sai Inna ta ce, "Ƙanwata ce, ranka ya daɗe." Ya dubi Inna, ya dubi baƙuwar da ko launin fatarsu bai zo ɗaya ba, ya ce, "Uwa ɗaya ko uba ɗaya?" Ta ce, "Yunwa ɗaya." Haka baƙuwar ta zauna tana goge cokula har ta haihu. Yau tana da rumfar shayi a ƙarshen layinmu, 'yarta kuma tana jami'a.

Ke ce uwar waɗanda suka sauka ba mai tarbarsu, Inna. Ke ce inuwar lungu.

Sai ranar gobara. Da tsakar rana ne, gida ya cika maƙil da masu cin abinci. Kaskon mai ya kama da wuta, wutar ta lashi rigar babban kuku, mutumin da hotonsa ke rataye a bangon gaba. Mai gasa burodi ya rantse mini cewa kowa ya yi ta kansa, har shi. Ma'aikatan kicin suka yi cunkoso a ƙofar baya suna tattaka juna. Inna kaɗai ta nufi wutar. Ta fizgo buhun da take shimfiɗawa a ƙasa, jiƙe sharkaf, ta rufa wa kuku, ta kayar da shi ta danne. Sannan ta miƙa hannu ta cikin harshen wutar ta murɗe kan tukunyar gas. Da ba ta murɗe ba, da ni da nake rubutun nan da rabin kasuwa sai dai labari.

Fatar hannunta na dama ta saɓule tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ina tsaye a rumfata na ga an fito da ita. Motar maigida tana ƙofar gaba a lokacin, amma ya ce kada a bi da ita ta cikin mutane, za a ɗaga musu hankali suna cin abinci. Aka zaunar da ita a kan kwandon da na kawo albasa, a cikin ƙudaje, ana jiran tasi. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce da ni kawai shi ne, "Ɗan nan, leƙa ka ga ko kuku yana numfashi." A can gaba kiɗa bai tsaya ba. Waɗanda suka ci abinci ranar ba su san an yi komai ba, kuma maigida ya daɗe yana alfahari da hakan.

Ciwon bai gama warkewa ba ta dawo, ta naɗe hannun da leda ta ci gaba da wanke-wanke, don gida akwai marayun ɗanta da suke jiran abin da za ta kawo.

Bara maigida ya tsufa ya miƙa wa ɗansa ragama. Yaron nan a bayan Inna ya yi wayo. Lokacin da uwarsa take zama a teburin karɓar kuɗi, Inna ce take goya shi tana wanke tukwane, yana jan ɗankwalinta. Ya dawo daga karatu da sabon tsari: a rushe bangon kicin a sa gilashi, masu cin abinci su riƙa kallon yadda ake dafa musu. Aka ɗinka wa kowa farar riga. Aka kawo injin wanke kwanuka mai ƙyalli. Sai aka duba aka ga akwai abu guda da bai dace da gilashi ba: tsohuwa mai tabon wuta da yatsu a karkace.

Yaron ya kira ta ofis. Mai gadi yana bakin ƙofa, shi ya ji komai.

"Inna, kin yi ƙoƙari. Lokaci ya yi da za ki huta."

"Na ce maka na gaji ne?"

"Ba haka ba ne. Tsarin ne ya canza. Kin ga yanzu baƙi za su riƙa ganin ciki."

Ta dubi hannunta, ta dube shi. Ta ce, "To, ranka ya daɗe." Mai gadi ya ce tunda yake bai taɓa jin ta kira yaron da wannan ba, kullum "ɗana" take ce masa.

Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Kyautar sallamar da aka ba ta kwali ne na tsofaffin farantan gidan, waɗanda aka daina amfani da su saboda an sayo sababbi. Farantan da ta ƙare ƙuruciyarta tana wankewa, su aka ɗora mata a ka. Kuku ya biyo ta lungu da farar rigarsa, ya durƙusa yana hawaye. Ya ce, "Inna, wallahi na so in yi magana." Ta ce, "Tashi, kana da 'ya'ya. Koma kada miyarka ta kama." Ya tashi ya koma. Ban zarge shi ba, amma ban manta ba.

Kwanan baya na je gaishe ta. Ta saki ɗakin hayarta, ta tattara marayun sun koma gidan mijin 'yarta. Matar da ko ruwa ba ta yarda ta sha a gaban surukinta, yau a ƙarƙashin rufinsa take kwana, sai ya fita take fitowa tsakar gida. Na same ta a bakin ƙofa tana shan hantsi, yatsun ba sa iya riƙe kofi sai da hannu biyu. Na ɗauka za ta yi ƙorafi. Sai ta yi dariya ta ce, "Wai injin nan yana iya fitar da ƙanzo?" Na ce ban sani ba. Sai ta ce, "Yaran da suke zuwa sababbi, akwai mai ce musu su zauna su ci abinci kuwa?" Wannan na san amsarsa, amma ban faɗa mata ba.

Inna, ba ni da jarida, ba ni da kyamara. Ni da mai kifi da mai gasa burodi da duk wanda yake numfashi a wannan layi albarkacin hannunki, mun gode. Allah ya biya ki da abin da mutane suka hana ki, ya sanyaya wannan hannu, ya raya miki marayunki.

Ku kuma masu karatu, ban ce ku daina zuwa inda aka yaba muku ba. Ku je, abincin yana da daɗi. Amma idan kun ƙoshi, ku tambayi wa yake baya, ku ce a kira shi ku gaishe shi. In kuma a wurin aikinku akwai wanda ya zo ba shi da kowa, ku matsa masa ya zauna. Inna ta yi haka shekara da shekaru alhali ita kanta ba ta da kujera.