Zakara Ya Taka, Ni Ban Taka Ba

Shekarar da na faɗo daga tsani ina gyaran kwanon ɗakina a Jekadafari, ƙin zuwa asibiti na yi. Tsorona kada a yanke min ƙafa, domin a majalisarmu kowa ya yarda likitan ƙashi ba ya rabo da zarto. Sai aka loda ni a keke zuwa wurin wani maɗori can bayan Tumfure.

Shi wannan bawan Allah da tsarinsa. Ya sa aka sayo zakara, ya karya masa ƙafa a gabana, ya ɗaure tawa da kara, ya ɗaure tasa.

"Ranar da ya taka, kai ma ka taka," in ji shi.

Muka koma gida mu biyu muna jinya. Har dawar da matata Hajiya ta ɓoye na riƙa watsa masa, tunda lafiyata tana ƙafarsa. Ba a daɗe ba ya miƙe, har yana bin kajin maƙwabta. Ni ma na miƙe, na zube a bakin rijiya.

'Yata ta fari ba ta tsaya neman shawarata ba, ta kai ni a ɗauki hoton ƙashi. Na sa babbar riga da hula, tunda hoto aka ce. Suka tuɓe min su, suka shimfiɗe ni a kan tebur mai sanyi kamar gawa.

Likita, yaro sa'an autana, ya ɗaga hoton a gaban fitila. Karatuna bai wuce na allo ba, amma wannan kam na karanta: ƙashi ɗaya ya nufi Bauchi, ɗaya ya nufi Yola.

"Baba, wa ya ce ka taka wannan ƙafar?"

"Zakara."

Ya dubi 'yata. Ta dubi silin.

"Yankewa za ku yi?" na tambaya.

"Wa zai yanke? Ƙarfe za mu sa, su haɗu."

Da na farfaɗo daga tiyata, ƙafar na fara lalubawa. Tana nan. Hajiya ta buɗe kwano, ƙamshin farfesu ya cika ɗakin.

"Malam, ci. Abokin jinyarka ne."

Na nemi cinyar da aka ɗora, na siɗe ta, na duba ƙashin da kyau. Shi ma ashe a karkace ya haɗe, ɗan banza, bai dai gaya wa kowa ba.